Injiniya Nas da Rajistar Zaɓen 'Yan Kurmin Gayya

"Ni fa, ko ƙudajen Abuja kuka ce in yi wa rajista, wallahi sai na ba kowane ƙuda layinsa, kuma babu wanda zai shiga sau biyu!"

Nasrullahi ke nan, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya Nas. Yana tsaye a gaban taron Ƙungiyar 'Yan Kurmin Gayya Mazauna Abuja, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana bubbuga jakar kwamfutarsa kamar mai lallashin jariri. Kada ka tambaye ni inda ya yi injiniyancin, abokina. Kwas ɗin sati uku ya yi a wani shago da ke saman bene a Wuse, a sati na ukun ma zazzaɓi ya kwantar da shi. Amma tun ranar da aka miƙa masa takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, bakinsa bai sake rufuwa ba. Ko shayi ya je sha, sai ya gaya wa mai shayi cewa tsarin jera kofunansa ya tsufa.

Abin da ya kawo zancen rajista shi ne zaɓen da ya wuce. 'Yan ƙungiyar ba su kai casa'in ba, amma da aka zazzage akwati sai ga ƙuri'a ɗari da talatin da huɗu. Wani ya yi zaɓe da hula, ya fita ya cire hular ya dawo, ya ari tabarau ya sake dawowa. Saura ƙiris a ba hammata iska. Shi ya sa shugaban ƙungiyar, Alhaji Saleh, mai sayar da kayan gyaran mota a Apo, ya rantse cewa bana mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko kuma kowa ya kama gabansa.

Shi kuwa Nas, ba kishin ƙungiya ya miƙar da shi tsaye ba. Kujerar sakatare yake so. Shekara shida yana mafarkinta: ga hatimi a aljihu, ga zama a hannun daman shugaba, ga lasifika a bakinka kana karanta bayanin taron da ya gabata, kowa ya yi tsit yana saurarenka. Sau biyu yana tsayawa, sau biyu yana shan ƙasa. Bana ya riga ya kai ɗinkin babbar riga, ya kuma buga katin gaisuwa guda ɗari biyar masu ɗauke da "Sakatare Janar" a ƙarƙashin sunansa. In ya sake faɗuwa, bai san inda zai sa fuskarsa ba, balle katunan.

Abokiyar takararsa Mashkura ce, ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, shekararta tara tana kula da rumbun bayanai. Mace ce marar hayaniya, irin wadda sai ta gama aikin kafin ka san ta fara. Ita ce ta ɗaga hannu.

"Yaya Nas, da me za ka yi primary key ɗin?"

Nas ya ji kalmar ta taɓa wucewa ta kunnensa, kamar dai ana gobe zazzaɓin zai kama shi. Ya gyara tsayuwa, ya yi murmushin manya.

Alhaji Saleh ya ce, "Ku yi mana da Hausa, mu ma mu ƙaru."

Mashkura ta ce, "Alhaji, kowane mutum yana da layinsa a rajistar. To, dole a sami abu guda wanda in an ambace shi, mutum ɗaya tak yake nunawa. Ba ya zama na mutum biyu, ba a barin gurbinsa fayau, kuma ba ya canzawa gobe. Shi ne mabuɗin layin. In wani ya zo da mabuɗin da ke ciki, sai kwamfuta ta ƙi karɓa. Shawarata, ƙungiya ta ba kowa lambarsa, ɗaya, biyu, uku, a rubuta masa a kati ya riƙe."

Nas ya tuntsire da dariya har yana dafa kujera.

"Lamba? Mu buhunan masara ne? Jama'a, kun ji ko! Mutum da sunansa na yanka, wanda ubansa ya kayar da rago a kansa, liman ya yi addu'a, aka raba goro, shi za a mayar lamba goma sha bakwai? Suna shi ne mabuɗi! Wannan ilimin naku na ofis ya tsufa, ƙanwata."

Aka yi tafi. Mutanenmu suna son a ambaci rago.

Za ka ce yaya za a ba ɗan takara riƙon rajistar zaɓe. Ni ma haka na ce. Amma shi ya yi tsalle ya karɓa, Mashkura kuma ta ce babu komai, a ba shi. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka rubuta doka a littafin ƙungiya, da bakinsa ya yi shiftarta: "Duk wanda kwamfuta ba ta san shi ba, ba zai yi zaɓe ba, ko da shi ya haƙa rijiyar Kurmin Gayya." Ya sa hannu a ƙasa, sa hannun da ya cinye rabin shafi. A wurin ya buɗe kwamfuta ya shigar da kansa a layin farko, da suna, da sana'a, da lambar waya, don tarihi ya shaida da wa aka fara.

Ranar Talata ya dira a Apo, wajen makanikai, inda 'yan garin suka fi yawa. Aka share masa benci a gaban shagon Alhaji Saleh, ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna saboda baƙin mai. Aka yi layi.

"Suna?"

"Muhyiddeen Lawal."

Ya danna. Kwamfuta ta nuna kore, alamar ta karɓa. Nas ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata kowa ya gani.

"Na gaba. Suna?"

"Muhyiddeen Lawal."

Ya danna. Sai ga wani jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, ma'anarsa wannan yana ciki tuni. Nas ya miƙe zumbur.

"Yauwa! An kama na farko! Ɓarawon ƙuri'a! Ka zaci da 'yan littafi da biro kake wasa?"

Mutumin ya dube shi, da sifana a hannu, da mai har goshi. "Oga, yanzu fa na fito daga ƙarƙashin mota. Wancan da ya wuce ɗan baffana ne. Shi birki yake yi, ni giya."

"To, kai kuma na bayansa?"

"Muhyiddeen Lawal, oga. Mai fenti."

"Na bayanka?"

"Haka dai, oga."

Ga abin da Injiniya ya manta, ko kuma bai taɓa tsayawa ya lura ba. Shekara arba'in da biyar Malam Muhyiddeen yana limancin Kurmin Gayya, shi ke raɗa sunan kowane jariri. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauri. In ya miƙo kunne uban jariri ya tsaya inda-inda, ko ya juya zai tambayi kaka, to an gama, Malam ya sa nasa sunan ya shafa fatiha. Ga shi kuma a garin kusan duk ɗan fari Lawal ake ce masa. Ka haɗa waɗannan biyun, ka ga abin da zai fito. Shi kansa Nas ya tsira ne don a Zariya aka haife shi, gidan kakanninsa na wajen uwa.

Muhyiddeen Lawal bakwai ne a layin nan, kowanne ya harɗe hannu yana kallon mutumin da ya kira su ɓarayi.

Zufa ta karyo wa Nas, amma bakin bai mutu ba. "Ku kwantar da hankalinku, gwaji nake yi. Ƙwararru ba sa dogara da abu ɗaya. Za mu haɗa suna da ranar haihuwa, su zama mabuɗi guda. Kai mai birki, yaushe aka haife ka?"

"Ɗaya ga Janairu, 1985."

"Mai giya?"

"Ɗaya ga Janairu, 1985."

Nas ya ajiye hannu. "Tagwaye ne ku?"

"A'a, oga. Aji ɗaya muka yi. Hedimasta ne ya rubuta mana gaba ɗaya, rana ɗaya, ya ce kowa ya riƙe."

Ja ya sake cika kwamfuta. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko a ɗaga ta a duba ƙasanta ne? Wataƙila mai take zubarwa." Aka kwashe da dariya har masu walda suka kashe wuta suka matso kallo.

Ana cikin haka wayar mai fenti ta yi ƙara a aljihunsa. Nas ya ƙura wa aljihun ido kamar an yi masa wahayi. Ya daki benci.

"Lambar waya! Tun farko abin da na shirya ke nan, so nake in ga ko za ku gane. Akwai mutum biyu masu lamba ɗaya a duniya? Babu! Kowa ya karanto tasa."

Abin ya yi aiki kuwa. Muhyiddeen bakwai suka shige sumul, kore bayan kore. Nas ya koma gida ranar yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. A cikin mota ya gaya wa direba cewa ya ƙirƙiro wani ilimi da sai nan da shekara goma Turawa za su iso wurin. Don murna har ƙarin ado ya yi wa tsarin: duk wanda ya kaɗa ƙuri'a, saƙon godiya zai faɗo wayarsa, da sunan Injiniya a ƙasa.

Ranar Alhamis ya kafa tebur a Jabi, kusa da tasha, wajen 'yan tireda. Aiki na ta tafiya, kore sai ƙaruwa yake. Da la'asar Mashkura ta biyo daga ofis ta leƙa.

"Sannu da aiki, Yaya Nas. Nuraddeen mai takalma su nawa ne a ƙungiyarmu?"

"Ɗaya mana."

"Ga shi nan sau uku."

Nas ya leƙa. Ga Nuraddeen da safe, ga Nuraddeen da azahar, ga Nuraddeen ɗazu-ɗazun nan, kowanne da lambarsa daban. Can gefe kuwa ga Nuraddeen ɗin da kansa yana cin gyaɗa, wayoyi uku jere a cinyarsa, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta gida, ɗaya ta gudun masu damu.

"Ka ga matsalar waya," in ji Mashkura a hankali, yadda mutane ba za su ji ba. "Mutum ɗaya yana iya riƙe uku. Gaba kuma za ka tarar da mutum uku suna amfani da ɗaya, ko wanda ba shi da ita sam. Har yanzu da lokaci. Ka ba kowa lambarsa, in taya ka, awa ɗaya mun gama."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, amma Nas ya ji kamar ta mare shi. Ya ɗaga murya yadda har 'yan kamasho za su ji.

"Tarko na ɗana masa, kuma ya faɗa! Ke kin zaci ban gani ba? Ki je ki yi kamfen ɗinki, ƙanwata, ki bar wa masana aikinsu."

Ya goge Nuraddeen biyu, ya bar ɗaya, ya rufe kwamfuta da ƙarfi. Mashkura ta ce Allah ya ba da sa'a, ta tafi neman mota.

Saura Paikon Kore, can wajen Gwagwalada, kuma nan ne Nas ya ajiye ransa. Akwai dattawan Kurmin Gayya da suka daɗe a can suna noman doya, biyar daga cikinsu kawunnansa ne da baffanninsa. Ƙuri'u biyar ke nan da ko a mafarki ba za su je wani wuri ba. Ya isa ranar Lahadi da hantsi, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, aka kawo ruwa a kwanon sha. Ya fara da masu waya, ya gama da su, adadin da ke ƙasan rajistar ya nuna mutum tamanin da ɗaya. Sannan ya juyo kan nasa.

"Kawu Lawal, lambar wayarka?"

"Wace waya? Tun bara ta faɗa rijiya. Na huta."

"Baffa fa?"

"Ni in ana nemana, a zo. Ga ni nan ba na zuwa ko'ina."

Duk su biyar babu mai waya. Nas ya ce ba komai, ya rubuta sunan Kawu Lawal ya bar gurbin waya fayau, ya danna. Kwamfuta ta ƙi. Mabuɗi ba ya zama babu, kamar yadda wata ta taɓa faɗa a wani taro, amma Nas ba ya son tuna wadda ta faɗa.

"Sauƙi ma," in ji shi. "Ai ni ɗanku ne. Lambata lambarku ce."

Ya zuba tasa lambar a layin Kawu, ya danna. Ja! Dole ta yi ja, tunda da wannan lambar ya shigar da kansa a layin farko.

Kawu Lawal ya matso da fuska. "Me ya sa ta yi ja? Fushi take yi?"

"A'a, Kawu, gaisuwa ce."

"To, mu a garinmu in abu ya yi ja haka, ba lafiya ba. Ko a kira yarinyar nan ta ma'aikata? An ce ita ma tana taɓawa."

Wannan magana ta soki Nas har ƙahon zuciya. A gaban kawunnansa, a kan tabarmarsu, a ce a kira Mashkura! Ya sunkuya ya shiga tone-tone a cikin kwamfutar, yana buɗe wurare da bai taɓa buɗewa ba, yana gumi yana karanta Turanci da leɓe. Can ya ci karo da wani zaɓi da ke cewa: in an tarar da mai irin wannan mabuɗin a ciki, a ɗora sabon a kan tsohon. Bai tsaya tambayar kansa inda tsohon zai tafi ba. Shi dai ya ga hanyar kashe ja. Ya kunna, ya danna.

Kore!

"Kun gani?" Ya buɗe hannuwa. "Na ladabtar da ita. Kwamfuta kamar jaki take, sai ta san mai ita."

Ya shigar da baffa na biyu da lambar tasa, kore. Na uku, kore. Na huɗu, na biyar, duk kore. Dattawa suna ta sa albarka. Sau ɗaya idonsa ya faɗa kan adadin da ke ƙasa, ya ga har yanzu tamanin da ɗaya ne, bai motsa ba. Ya ce a ransa matsalar sabis ce ta ƙauye, in ya koma gari za ta daidaita.

Yana naɗe waya sai ga Iya Rekiya, ƙanwar kakarsa, 'yar shekara saba'in da ɗaya, da tiren daddawa a ka. Duk Paikon Kore babu wanda bai san daddawarta ba, tun kafin ta iso ake sanin tana tafe.

"Ɗan nan, ni ba za a sa ni a cikin akwatin ba?"

"Haba Iya, da ke za mu rufe! Kina da waya?"

"Me zan yi da ita?"

Ya zuba mata lambarsa ita ma, kore ya fito. Ya rubuta lambar a 'yan takardu shida ya raba musu, ya ce ranar zaɓe ita za su nuna a bakin ƙofa. Sannan ya durƙusa kusa da Iya, ya rage murya.

"Iya, ki riƙe wannan da kyau. Ranar Asabar, wanda ya san kwamfuta za ki zaɓa. Kada ki bari kowa ya ruɗe ki. Wanda ya san kwamfuta. Kin ji ko?"

"Na ji, ɗan nan. Wanda ya san kwamfuta."

Ta ƙulle takardar a bakin zane, ta ba shi daddawa ƙulli uku ya kai wa iyali.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a wani fili a Jabi. Don kada a ce an yi son kai, aka ɗora Zacharias a kan kwamfuta, maƙwabcin shagon Alhaji Saleh ne, ba ɗan garin ba, babu ruwansa da kowa. Tsarin mai sauƙi ne: ka faɗi lambar wayarka, Zacharias ya karanto sunanka a lasifika, a ba ka takarda, ka jefa a akwati, saƙon godiya ya faɗo wayarka. Tun ƙarfe tara aka fara. Iya Rekiya ta riga kowa, don da motar farko ta taho, tana so ta gama ta zaga da tirenta cikin tasha.

Nas kuwa ya ce manya ba sa zuwa da wuri. Sai da rana ta take, layi ya ƙare, ana shirin rufe akwati, sannan ya bayyana. Babbar riga fara fat, sitati ya sa tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Hula ta karkace, turare ya riga shi isowa. A bayansa dattawa biyar a jere, kowanne da 'yar takardarsa a hannu. Yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu, har da waɗanda suka zo wucewa kawai.

Ya tsaya gaban tebur, ya karɓi lasifika da kansa, ya karanto lambarsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sanar da sakamakon ƙasa.

Zacharias ya danna, ya duba, ya ɗago ya dubi Nas, ya sake dubawa.

"Oga, wannan lamba ya riga ya yi voting."

"Karanta da kyau, malam. Layin farko. Wanda ya gina tsarin."

Zacharias mutum ne mai bin doka. Ya jawo lasifika ya karanta abin da ya gani. "Suna, Rekiya. Mace. Shekara saba'in da ɗaya. Sana'a, daddawa. Ya yi voting ƙarfe tara da minti biyar."

Filin ya fashe da dariya. Muhyiddeen mai giya ya faɗo daga kan benci. Nuraddeen mai takalma yana dariya yana ɗaukar hoto da wayoyi biyu a lokaci ɗaya.

"Sharri ne!" Nas ya daka tsawa. "An yi mini kutse! Nemo Nasrullahi!"

"Babu Nasrullahi, oga."

"Nemo Injiniya!"

"Babu Injiniya ko ɗaya a ciki."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji wani daga baya.

Kawu Lawal ya ture shi gefe ya miƙa tasa takardar. Zacharias ya danna. "Rekiya. Mace. Daddawa." Baffa na biyu ya miƙa. "Rekiya." Na uku bai ma miƙa ba, ya tambaya ne kawai, "Ni ma Rekiyar ce?" Aka ce masa eh.

Alhaji Saleh ya kira Mashkura ta duba. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago, kuma wallahi babu dariya a fuskarta, tausayi ne ma.

"Alhaji, ba kutse ba ne. Lamba ɗaya ya ba mutum bakwai. Da kwamfuta ta ƙi, wato tana yin aikinta ke nan, sai ya umarce ta ta riƙa ɗora sabo a kan tsoho. Kawu Lawal ya goge Yaya Nas, Baffa ya goge Kawu Lawal, haka har aka zo kan Iya. Ita ce ta ƙarshe, ita ta rage." Ta juya wajen jama'a. "Amma duk mun san su. Ni na yarda a bar su su yi zaɓe."

Nas ya buɗe baki zai ce madalla, sai Muhyiddeen bakwai suka miƙe tsaye kamar an ja su da igiya ɗaya.

"Ina! A karanta doka!"

"Mu da aka kira ɓarayi a gaban masu walda!"

Alhaji Saleh ya buɗe littafi, ya sa tabarau, ya karanta a nutse: "Duk wanda kwamfuta ba ta san shi ba, ba zai yi zaɓe ba, ko da shi ya haƙa rijiyar Kurmin Gayya." Ya juya littafin ya nuna wa jama'a sa hannun nan mai cin rabin shafi. "Injiniya, wannan naka ne ko na Iya?"

Nas ya fara borin kunya, yana cewa ai babu shaidar cewa da lambarsa aka yi zaɓen. Alhaji ya ce ya kawo wayarsa. Ya zaro ta daga aljihun sabuwar riga. Akwai saƙo ɗaya da ya shigo tun safe, yana wajen guga bai duba ba. Alhaji ya karanta a lasifika: "Rekiya, mun gode, ƙuri'arki ta shiga. Daga Injiniya Nas, Sakatare mai jiran gado."

Aka zaunar da shi a benci tare da dattawansa biyar, su shida a jere, babu mai kallon wani. A gabansu aka zazzage akwati aka ƙirga. Mutum saba'in da bakwai suka yi zaɓe, ƙuri'a saba'in da bakwai aka samu, karon farko a tarihin ƙungiyar. Mashkura talatin da tara. Nasrullahi talatin da takwas.

Ƙuri'a ɗaya, abokina! Ga kuma guda shida zaune a benci suna korar ƙuda. Nas ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi birgima, sitatin rigar ne kawai ya hana shi. Ya tuna katuna ɗari biyar da ke ƙarƙashin gadonsa, idonsa ya kawo ruwa.

Ana cikin taya Mashkura murna sai ga Iya Rekiya ta dawo daga tasha, tire ya kusa ƙarewa. Nas ya taso ya tare ta, yana neman ko da abu ɗaya da zai riƙe ya koma gida da shi.

"Iya, ke dai kin fita kunyata. Duk cikin dangi ke kaɗai kika samu kika zaɓe ni."

Iya ta sauke tire. "Kai? A'a, ɗan nan. Ai umarninka na bi. Ka ce in zaɓi wanda ya san kwamfuta. Da na zo na tambayi mutane, kowa ya nuna mini yarinyar nan."

Lasifikar tana hannun Zacharias a kunne, kusa da su, duk filin ya ji. Iya ba ta ma lura ba. Ta ɗora tirenta a ka, ta yi taku biyu, sai ta juyo.

"Af, na manta. An ce yanzu lambar nan tawa ce, har na raba wa direbobi a tasha. In masu son daddawa sun kira ka, ka ce musu akwai sabuwa ranar Laraba."

Kafin ta yi nisa, wayarsa ta fara ƙara a aljihun babbar riga.